Idan jami'an tsaro suka buga ƙofa da asuba

A unguwa irin Kinkinau, inda gidaje ke manne da juna, gidan haya ɗaya ya ɗauki iyalai da dama, binciken gida-gida ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Yadda aka saba yi a garuruwanmu, kafin kiran assalatu an toshe bakin layi da motoci, an fito da samari an zaunar da su a ƙasa, ana ɗaga katifu ana buɗe akwatuna. Manufar ita ce a ƙuntata wa wanda ake nema, ya rasa makwanci, ya rasa mai kai masa abinci, har ya kunna waya a gano inda yake, ko ya miƙa wuya da kansa.

Sai dai a tuna da Kabiru Sokoto, wanda aka zarga da hannu a harin bam na cocin Madalla ranar Kirsimetin 2011. An kama shi a Abuja cikin Janairun 2012, ya kuɓuce wa 'yan sanda a Abaji lokacin da suka kai shi binciken gidansa. Aka dakatar da Kwamishinan 'Yan Sanda Zakari Biu, Sufeto Janar Hafiz Ringim ya bar kujerarsa, aka sa ladan naira miliyan 50 ga duk wanda ya taimaka aka kama Kabiru. Ana ta neman sa a kewayen Abuja, ashe ya yi nisa. Jami'an tsaron farin kaya ne suka bi sawunsa a ɓoye, suka cafke shi a Mutum Biyu ta jihar Taraba cikin Fabrairu. A Disambar 2013 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

Doka ba ta hana ɗan sanda shiga gidan da yake da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa mai laifi ya ɓuya a ciki ba. Amma sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin gidan kowa, kuma dalili a kan gida ɗaya bai zama izinin birkice layi guda ba. Akwai ma tanadin da jama'a da yawa ba su sani ba: dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce idan gidan na matar kulle ne, sai an sanar da ita, an ba ta damar kaucewa kafin a shiga. Rubutun “ba a shiga” da ke jikin zaure ke nan, da matsayinsa a takardar gwamnati. Mace kuma mace ce za ta caje ta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kama uba ko mata ko ƙane wai “har sai ya fito”. Dokar 2015 ta haramta wannan, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sake haramta shi. Dukan mutum don ya yi bayani kuwa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara 25.

Asarar ma a kan binciken take komawa. Mai shayi da mai cajin waya da ɗan sintiri su ne ke ganin baƙuwar fuska tun ranar da ta sauka a layi, mai unguwa kuma ya san ɗakin da aka ba sabon ɗan haya. Mutumin da aka kwantar da ɗansa a kwata da asuba, aka karɓi kuɗin beli kafin a sako shi, gobe ko ya ga wanda ake nema yana alwala a ƙofar masallaci, shiru zai yi ya wuce.