Memori Ko Intanet: Inda Ya Kamata A Saita Kwafin Ajiya A Arewacin Zamfara

A ranar 3 ga Satumba 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umurci kamfanonin waya su rufe sabis a duk faɗin jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin aikin tsaro. An ce na mako biyu ne. Gusau ta samu sabis ɗinta a farkon Oktoba, amma Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun ci gaba da zama shiru har makonni bayan haka, kuma tsallakawa maƙwabta bai zama mafita ba, domin an rufe wasu ƙananan hukumomin Katsina da na Sakkwato su ma. A wannan tsakanin, duk wanda takardunsa ke cikin Google Drive kaɗai ya zama mai hatsi a rumbun wani gari, ga kuma hanya a toshe.

Sai dai wanda ya ce shi ya bar intanet ya koma ga katin memori, shi ma bai tsira ba. A yankin da ake ƙwace waya a kan hanya, ko mutum ya bar gidansa cikin dare da rigar jikinsa kawai, memorin da ke cikin waya tare da wayar yake tafiya. Shi ya sa kunna kwafin ajiya, wanda masu gyaran waya ke kira bakof, bai isa ba. Sai an san takamaiman inda manhajar take kai kwafin. Yawancin manhajoji suna da wurin da suke zaɓa wa mutum da kansu, kuma waɗanda suka tsara su sun ɗauka wuta ba ta ɗaukewa, data kuma ba ta ƙarewa.

WhatsApp ne ya fi dacewa a fara da shi, domin a nan ne lissafin mutane da yawa yake. Ɗan kasuwar da ke saye da sayarwa a Shinkafi sau da yawa ba shi da littafin bashi da ya wuce saƙonnin murya da hotunan rasit ɗin tiransifa. A wayar Android, WhatsApp na yin kwafi iri biyu. Na farko yana yinsa kullum da misalin ƙarfe 2 na dare, ya ajiye a cikin wayar kanta, a foldar Databases da ke ƙarƙashin Android/media/com.whatsapp/WhatsApp a sababbin wayoyi. Wannan yana amfani idan manhajar ta rikice, amma ba ya tsinana komai idan wayar ta ɓata ko ta faɗa ruwa. Na biyu shi ne wanda yake ɗorawa a asusun Google, kuma ana saita shi ta Settings, sai Chats, sai Chat backup. A wannan shafin akwai abubuwa uku da ake yawan wucewa ba a duba ba: wane adireshin Gmail aka haɗa, sau nawa ake ɗorawa, da kuma ko an yarda a yi amfani da datar waya. Idan ba a kunna na ƙarshen ba, manhajar za ta zauna jiran wayafai, kuma wayar da ba ta taɓa hawa wayafai ba za ta iya shekara ba ta ɗora ko saƙo ɗaya ba, mai ita kuwa yana ganin komai lafiya. Ranar da aka yi kwafin ƙarshe tana rubuce a saman shafin. Ita ce abin dubawa.

Batun adireshin Gmail kuwa ya fi yadda ake zato muhimmanci. Wayoyi da yawa, musamman Tecno da Infinix da itel da ake saye a kasuwa, a shago ake buɗe musu asusu, yaron shago ya zaɓi kalmar sirri, mai waya ya tafi bai rubuta ba. Kwafin yana tafiya can lafiya lau, amma ranar da aka sayi sabuwar waya babu mabuɗin shiga. Maido da hirarrakin WhatsApp yana buƙatar lambar waya ɗaya da asusun Google ɗaya da waɗanda aka yi kwafin da su. Idan ɗaya ya ɓace, magana ta ƙare.

Sai batun wuri. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Google Photos duk daga nan suke ci. Tun 1 ga Yuni 2021 hotunan da ake ɗorawa a Photos suka fara shiga lissafi, daga 2024 kuma kwafin WhatsApp na Android shi ma ya shiga. Idan wurin ya cika, ɗorawa ta tsaya, har saƙon imel ya daina shigowa. iCloud na masu iPhone da OneDrive na Microsoft gigabait 5 kacal suke bayarwa kyauta. Abin da ke cinye wurin ba takardu ba ne, bidiyo ne: na wa'azi, na biki, na barkwanci da ake turowa a guruf sau goma. Kashe maɓallin Include videos a WhatsApp kaɗai yana iya rage kwafin ya koma ɗan ƙarami.

Lissafin lokaci ma yana nuna haka. Idan sabis yana ɗorawa da gudun megabit 1 a daƙiƙa, wanda ba abin mamaki ba ne a gefen gari, gigabait 10 zai ci sama da awa 22 ba tare da yankewa ba. Ga kuɗin data, wanda ya ƙaru bayan NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Amma hoton takardar NIN, sakamakon WAEC ko NECO, takardar filin gona, shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, lambobin waya da rubutun kundin bincike, dukkansu a haɗe da ƙyar su kai girman fim ɗaya. Rabon aikin a bayyane yake: ƙananan abubuwan da ba a iya sake samu su tafi intanet, manyan su tafi memori ko filash. Ƙananan kuma a bar kwafinsu a hannu. A manhajar Drive, danna ɗigo uku a gefen fayil a zaɓi Make available offline yana sa ya buɗe ko babu sabis. Wannan ɗan maɓallin ne ya raba wanda ya iya buga takardarsa a Satumbar 2021 da wanda ya jira.

Lambobin waya suna da nasu saitin. A manhajar Contacts ana zaɓar inda sabuwar lamba za ta zauna: cikin waya, cikin sim, ko asusun Google. Na ƙarshen ne kaɗai ke bin mutum zuwa sabuwar waya. Ana kuma iya fitar da su duka a fayil ɗaya mai ƙarshen .vcf a jefa shi a memori. Ɗan kasuwa kuma zai iya buɗe hirarsa da abokin ciniki ya zaɓi Export chat, ya samu rubutun a fayil da kowace waya ko kwamfuta ke iya karantawa ba tare da WhatsApp ba.

A ɓangaren kwamfuta, kuskuren da ya fi yawa yana shagunan buga takardu da hannun ɗalibai, irin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda. Ɗalibi ya kwafe kundinsa daga C ya kai D, ya ce ya yi ajiya. A yawancin laftof, C da D ɗakuna biyu ne a gida ɗaya: faifai ɗaya ne aka raba shi. Idan faifan ya mutu, sakamakon faɗuwa ko wutar da ta zo da ƙarfi bayan an jima babu, duka biyun sun tafi. Windows na da File History tun daga Windows 8, ana samunsa a Control Panel. A jona faifan waje ko filash, a danna Select drive a zaɓe shi, sannan a kunna. Yana buɗe folda mai suna FileHistory a kan faifan, yana kwafe abin da ya canza duk awa ɗaya, yana kuma riƙe tsofaffin siffofin fayil, ta yadda wanda ya goge babi na uku bisa kuskure zai iya dawo da na jiya. Ana canza yawan lokacin da tsawon riƙon a Advanced settings. Abin lura shi ne yana bin manyan foldodi ne irin su Documents da Desktop da Pictures. Foldar da mutum ya buɗe can a cikin D ba ta cikin lissafi sai an saka ta.

OneDrive da Google Drive na kwamfuta suna da wani tarko na daban, kuma shi ne ya fi yaudara. Aikinsu daidaitawa ne, ba ajiya ba. Abin da aka goge a kwamfuta yana gogewa a intanet, sai dai ya zauna a kwandon shara na kwana 30 kafin ya ɓace. Sannan OneDrive na iya nuna sunan fayil a folda alhali ainihin fayil ɗin yana can sama. Alamar girgije a gefensa na nufin babu shi a kwamfutar. Sai an danna dama an zaɓi Always keep on this device, alamar ta koma koren da'ira mai cike. A Google Drive na kwamfuta zaɓin biyu ne, Stream da Mirror. Stream yana barin fayiloli a intanet, Mirror yana ajiye cikakken kwafi a faifan kwamfutar. Ga shagon da ke Zurmi ko Shinkafi, inda sabis ke iya tafiya ba sallama, Mirror ne zaɓin hankali matuƙar faifan yana da wuri.

Masu ɗaukar hoto sun daɗe da wata ƙa'ida da Ba'amurke Peter Krogh ya yaɗa, wadda ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. "Wani wuri daban" ba dole ya zama intanet ba. Filash da aka bar wa ɗan'uwa a Gusau ko Sakkwato, ana sabunta shi duk lokacin da aka je, ya cika sharaɗin. Filash da ke cikin jakar laftof ɗin bai cika ba, haka wanda ke jone da kwamfutar dare da rana, domin ƙwayar cutar da ta kama kwamfutar za ta kama shi.

Memori da filash ɗin kansu sai an tantance. Kasuwa cike take da na jabu, waɗanda ke nuna gigabait 64 alhali cikinsu bai kai haka ba. Suna karɓar fayil ba gardama, sai ranar buɗewa a tarar da shi a lalace. Ƙaramar manhajar H2testw ta kyauta tana cika shi da bayanai ta karanta, ta faɗi gaskiyar girmansa. Idan an saka memori a waya ta tambaya yadda za a yi amfani da shi, a zaɓi na ɗaukar kaya daga wuri zuwa wuri. Wanda aka mayar ma'ajiyar cikin waya ana kulle shi da wayar, wata na'ura ba za ta karanta shi ba. Mai kwafe manyan bidiyo kuma ya san cewa tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4, sai exFAT.

Akwai kuma sirri. Memorin da ke ɗauke da hoton NIN da bayanan banki, duk wanda ya tsince shi ya samu komai. Ana iya dunƙule irin waɗannan takardu a fayil ɗaya mai kalmar sirri da manhajar 7-Zip. WhatsApp ma tun 2021 yana ba da damar kulle kwafin da kalmar sirri ko mabuɗi mai lambobi 64, amma wanda ya manta da su, kamfanin kansa ba zai iya buɗe masa ba.

Ƙofar shiga asusun ita ce ta ƙarshe da ake mantawa da ita. Idan Google yana turo lambar tabbatarwa ta saƙon tes, ranar da babu sabis ko sim ya tafi da wayar da aka sace, mutum zai tsaya a waje ko da ya samu wayafai a wani gari. A sashen Security na asusun, ƙarƙashin tabbatarwa mai mataki biyu, Google na bayar da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace mai alƙaluma 8, kowace ana amfani da ita sau ɗaya. A rubuta su a takarda tare da adireshin Gmail ɗin, a ajiye inda ake ajiye takardun gida. Asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba Google na iya share shi, don haka wanda ya buɗe asusu na musamman domin ajiya ya riƙa leƙa shi. Daga nan sai a ari wayar wani ko kwamfutar shago, a shiga, a buɗe fayil ɗaya a ga ya buɗe, a fita daga asusun kafin a mayar.