Kasuwar Katako: Wayar da ke kawo wa uba ciniki ce ke hana ɗansa barci

Da hantsi a kasuwar Katako da ke birnin Yamai, ƙarar guduma da ta zarto ba ta barin mutum ya ji kiran waya. Shi ya sa za a ga mai sayar da kwanon rufi ya manna salula a kunne yana sauraron saƙon murya na WhatsApp, ya gama ya danna, ya mayar da amsa da Hausa ko Zabarmanci.

A da, ɗan kasuwar da bai yi boko ba sai ya nemi ɗan makaranta ya rubuta masa wasiƙa, ko ya ɗauki magana a kaset ya ba direba. Yanzu ɗan ci-rani da ke gina gida daga Abidjan ko Libiya yana ganin hoton katako da siminti a wayarsa, a yi ciniki da baki, ya turo kuɗi ta Nita ko Amana, a loda kaya zuwa wurin gini. Babu wanda ya rubuta ko harafi ɗaya. Lokacin da aka katse intanet na salula har kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021, irin wannan ciniki ne ya tsaya.

A aji kuwa labarin ya sha bamban, domin 'ya'yan waɗannan 'yan kasuwa za su zauna jarrabawar BEPC da BAC ne da biro da takarda, cikin Faransanci. Saƙon murya ba ya tambayar yadda ake rubuta kalma. Idan ma yaro ya yi rubutu a waya, guntaye ne: "slt" a madadin gaisuwa, "bjr" da safe. Malamai na kokawa cewa guntayen nan sun fara shiga littattafan rubutu, ga gyangyaɗi a darasin farko bayan an raba dare ana kallon TikTok.

Akwai wani abin kuma. A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Amma yaron da ke yini yana tura saƙon murya da Hausa, da wuya a ce an taɓa koya masa rubuta ta. Harshen da ya iya a bakinsa ya tsaya, wanda ake gwada shi da shi kuma hannunsa na ƙara nisa da shi.

Wayar na da ranarta. A zaurukan WhatsApp na aji ana raba tsofaffin tambayoyin jarrabawa, wanda bai zo ba ya samu hoton allo, kuma ga gidan da ba a iya sayen littafi wannan babban taimako ne.

Faransa ta hana ɗalibai amfani da waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, hukumar UNESCO ma ta yi kira a 2023 da a taƙaita ta a aji. Sai dai dokar makaranta iyakarta ƙofar makaranta. Da yamma, idan dillali daga Lome ya turo takardar kaya da Faransanci, uba ɗansa yake miƙa wa wayar ya karanta masa. Sau da yawa a hannun yaron take kwana.