Jatan Lande: Ire-irensa da Makwancinsa a Gaɓar Tekun Nijeriya

Busasshen jatan landen da ake aunawa da kwano a kasuwar Sabon Gari ta Kano, wanda 'yan kasuwa ke kira kirefish, tafiya mai nisa yake yi kafin ya shiga tukunyar miya. Mafi yawansa daga gaɓar tekun jihohin Akwa Ibom da Kuros Riba da Ribas yake fitowa, kuma garin Oron na daga cikin manyan wuraren da ake ɗora shi a mota zuwa Arewa. Sunan ma aro ne, domin ainihin kirefish na ruwan daɗi ba ɗan asalin Nijeriya ba ne.

Masana sha'anin kamun kifi suna rarrabe ire-iren jatan lande ta hanyar duba ƙahon da ke goshinsa, mai haƙora kamar zarto, da ƙafafuwansa, da kuma yadda macen ke yi da ƙwanta. Ƙaramin nan da ake ƙyafewa, wanda bai kai tsawon yatsa ba, ƙahonsa siriri ne dogo, ƙafafuwansa na baya kuwa kamar zare. Macen tana ɗauke da ƙwanta a ƙarƙashin ciki har ya ƙyanƙyashe. Yana zaune a bakin koguna mai laka, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, masu kwalekwale ne kuma ke kama shi da raga.

Na biyu shi ne mai launin ja-ja, wanda masana ke kira Penaeus notialis. Shi ne ya daɗe yana samar wa ƙasar kuɗaɗen musaya, inda manyan jiragen kamun kifi ke daskarar da shi, a fitar zuwa Turai. Wannan a cikin teku yake zubar da ƙwansa. Igiyar ruwa ce ke kora 'ya'yan zuwa tafkunan gaɓa da ƙoramun kurmin bakin teku, su yi wayo a tsakanin saiwoyin itatuwa, sa'an nan su koma teku da girmansu. Ashe ke nan abin da jirgi ya kamo a tsakiyar teku, a ƙorama aka rene shi.

Akwai kuma na kogi mai manyan hannuwa irin na ƙaguwa, da wani baƙo mai zane-zane kamar damisa, ɗan asalin tekun Indiya da Fasifik, wanda ya bayyana a ruwan Nijeriya a ƙarshen shekarun 1990. Yakan haura santimita 30.

Dukkansu dai rayuwarsu ta rataya ne a kan kurmin yankin Neja Delta, wanda shi ne mafi girma irinsa a Afirka, kurmin kuwa yana cikin matsi. Ana sare itatuwansa domin girki da ƙyafe kifi. Wata bishiya dangin kwakwa mai suna nifa, wadda aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906, ta mamaye wurare da dama a gabashin gaɓar, ba ta kuma ba ƙananan halittu mafaka irin wadda itatuwan asali ke bayarwa. Malalar ɗanyen mai ta fi kowanne ɓarna. Bayan wadda ta auku a Bodo ta ƙasar Ogoni a 2008, kamfanin Shell ya amince a 2015 ya biya diyyar fam miliyan 55 ga al'ummar da masunta fiye da 15,000.

Dokar soja mai lamba 71 ta 1992 da ƙa'idojinta sun haramta wa manyan jirage jan raga a cikin mil biyar na teku daga gaɓa, wato kimanin kilomita tara, domin a bar wa ƙananan masunta da ƙananan jatan lande wurin. Tsaron gaɓa mai tsawon kilomita 853 ba ƙaramin aiki ba ne, masu kwalekwale kuma sun sha kokawa cewa jirage na ƙetare iyakar da dare suna yayyaga musu raga. Duk sa'ad da kamu ya ragu a Oron, ba a daɗewa farashin kwano ke tashi a Kano da Kaduna.