Baƙar Ƙasar Fit: A Ƙona Ta Ko A Bar Ta A Fadama?

A ƙasashen sanyi na arewacin duniya, irin su Ailan, Finlan, Rasha da Kanada, akwai fadamun da ruwa ba ya janyewa daga cikinsu duk shekara. Gansakuka da ciyayin da suka mutu a ciki ba sa gama ruɓewa saboda rashin iska, sai su yi ta taruwa har su zama baƙar ƙasa mai laushi da ake kira fit. Kaurinta na ƙaruwa da kimanin milimita 1 a shekara, wato mita 1 kan ci shekara 1,000.

Mutum biyu ne ke shiga fadamar don ƙiyasta wannan dukiya, kowa da abin da yake nema. Na farko makamashi ya kawo shi. Ya soka sandar ƙarfe ya ji zurfi, ya ciro samfuri ya matse a tafin hannu, bisa ma'aunin masanin Suwidin von Post mai hawa 10. In ruwa garau ya zubo, da saura. In baƙar laka ta kurɗo ta tsakanin yatsu, ta nuna, za ta ci wuta. Daga nan sai lissafin tan nawa za a haƙa. Kada a raina wannan lissafi. Ailan ba ta da kwal mai yawa, shi ya sa ta kafa kamfanin Bord na Móna a 1946, kuma fit ta ba ta lantarki, ta ba garuruwan tsakiyar ƙasar aikin yi. A ƙauyuka kuwa, yanka ta ake yi kamar tubali, a shanya, a yi ɗumi da ita lokacin hunturu.

Na biyu abin da ke kulle a cikin ƙasar yake aunawa. Fadamun fit kashi 3 cikin 100 ne kawai na doron ƙasa, amma kabon da suka riƙe ya fi na dukan dazuzzukan duniya. Da zarar an yi magudana ruwa ya tsiyaye, iska ta shiga, kabon sai ya fara tashi sama ko ba a ƙyasta ashana ba. In kuma wuta ta kama, tana ci ta ƙarƙashin ƙasa makonni. Hayaƙin irin wannan gobara na cikin abin da ya turnuƙe Mosko a 2010.

Ailan da kanta ta sake shawara. Ta rufe tashoshin lantarki 2 masu ƙona fit a Disambar 2020, a Janairun 2021 kamfanin ya sanar da daina haƙa, yanzu toshe magudanun da ya haƙa yake yi don ruwa ya dawo.

Ni dai ina bayan mai awo na biyu, domin abin da ake kwashewa cikin shekara 50 amma mayar da shi sai shekaru dubbai, ba a lissafa shi da amfanin gona. Sai dai tsohon da ke yanka abin ɗumin gidansa ba ɗaya yake da kamfani mai injuna ba. Gwamnatin da za ta hana shi, wajibi ne ta fara sama masa abin da zai ɗumama ɗakinsa.