Gawa Nawa Ke Mayar da Rikici Yaƙi?

A wani darasin fassara, malaminmu ya ba mu labarai biyu a kan yaƙin Iraƙi mu mayar da su Hausa. Na farko ya ce daga 2003 zuwa 2006 an kashe mutum kusan 50,000, na biyu kuwa ya ce mutum 655,000 ne suka mutu. Da farko na ɗauka kuskuren ɗab'i ne. Sai da na bi diddigi na gano cewa saɓanin ba na lissafi ba ne, na ma'anar kalmomi ne, wato dai fagenmu na ɗaliban harshe.

Mu a Hausa muna da yaƙi da rikici da tarzoma da faɗa, kuma kunne ke bambance mana su. Masu tattara alƙaluman yaƙe-yaƙe kuwa da adadi suke yanke hukunci. Kundin Correlates of War, wanda J. David Singer ya assasa a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 1963, ba ya kiran abu yaƙi sai an rasa rayuka 1,000 a fagen fama cikin shekara guda. Kundin UCDP na Jami'ar Uppsala da ke Suwidin ya sassauto ƙwarai, domin mutum 25 a shekara sun isa a shigar da rikici cikinsa. Shi kuwa ACLED bai sa iyaka ba. Aukuwa yake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, har da zanga-zangar da ko ƙwarzane ba a yi wa kowa ba. Ke nan faɗan da ya ci mutum 900 a shekara ba yaƙi ba ne a wurin na farko, alhali sauran biyun sun rubuta shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne tambayar wane ne yaƙi ya kashe. Yaron da gudawa ta kashe saboda an ƙone asibitin garinsu, yana ciki? Waɗannan kundaye ba sa ƙirga shi, sai wanda makami ya taɓa. Amma da ƙungiyar agaji ta IRC ta ƙiyasta mutum miliyan 5.4 a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango daga 1998 zuwa 2007, akasarinsu cuta da tamowa ne suka kashe su, kuma wasu masana sun ce adadin ya yi yawa. Mu ma a nan gida, a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, yunwa ta fi harsashi kisa. A ganina, kundin da ya tsallake irin waɗannan mamata bai yi ƙarya ba, sai dai rabin labari ya bayar.

Haka alƙaluman Iraƙi suke. Iraq Body Count fararen hular da aka tabbatar da kisansu a rahotanni kawai take ƙirgawa, ƙauyen da ɗan jarida bai taka ba ya sha. Adadi na biyu, wanda mujallar Lancet ta buga a 2006, daga bin gidaje da tambayoyi aka ƙiyasta shi ga ƙasar baki ɗaya.

Saboda haka na goge "waɗanda yaƙi ya ci" da na rubuta a fassarorin biyu. A ta farko na sa "fararen hular da aka ba da rahoton kashe su", a ta biyu kuma "ƙarin mace-macen da aka ƙiyasta".