Mai Kati Mai Ƙarfi: Ya Ƙara Zubi Ko Ya Yi Lamɓo?

Wasan karta ba baƙon abu ba ne a majalisun samari na Jekadafari cikin birnin Gombe, to, amma wayar hannu ta kawo wani iri daga Amurka wanda ake kira foka, mai ɗauke da wata tsohuwar gardama.

Ga yadda wasan yake. Daga cikin kati 52, akan raba wa kowa biyu a rufe, a yi zubin farko, sa'an nan a baje kati uku a fili waɗanda kowa zai haɗa da nasa. Gardamar ita ce, wanda ya sami kati masu ƙarfi tun farko ya ƙara kuɗi ne, ko kuwa ya yi lamɓo don ya jawo mutane?

Masana lissafi sun ce ya ƙara. As biyu su ne mafi ƙarfin rabo, kuma sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221. In da abokin karawa ɗaya ne, mai su yakan ci kimanin sau 85 cikin 100, amma in mutum tara suka bi shi har ƙarshe, cinsa bai wuce kimanin 31 cikin 100 ba. Watau ƙarin zubi yana korar masu raunin kati kafin sa'a ta gyara musu, wanda kuwa ya nace sai ya biya da tsada. Mai lamɓo ya bar ƙofa a buɗe.

Wannan lissafi gaskiya ne, sai dai akwai saura. Gidan da ya shirya wasan yana yankar rabonsa daga kuɗin da aka zuba, ko wa ya ci. Tun 1970 ake gasar duniya a Las Vegas, a 2003 kuma Chris Moneymaker, wani akanta, ya ci dala miliyan biyu da rabi. Sunansa ya zaga duniya, amma babu mai tuna ɗaruruwan da suka zuba aka ba shi.

Saboda haka saurayin da ya ɗauki jarin shagonsa ko kuɗin makaranta ya shiga, ya sani ko da as biyu a hannu, yana iya tashi wayam. Malamai sun daɗe da bayyana haramcin caca, lissafin kuwa bai ba talaka wata mafita dabam ba.