Naman Tsohuwar Saniya, Ruwan Shayi Da Tukunya Mai Fito

Duk wanda ya daɗe cikin wannan sana'a tamu ya san cewa mai fataucin shanu ba safai yake cin nama mai laushi ba. Bijimin da ya yi tozo, ya yi ƙiba, wannan na Ikko ne ko na Badun, can za a yanka shi, wasu su ci. Mu abin da kan faɗo cikin tukunyarmu shi ne tsohuwar saniyar da ta gama haihuwa, ko takarkarin da ya shekara bakwai yana jan garma, ko kuwa wadda ta karye cikin tirela aka yi maza aka sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Irin wannan nama ne ake rabawa a zango, a kai gidan mai masauki, a ɗora tun hantsi, har la'asar ana tura itace, a sauke kuma a tarar sai an haɗa da haƙori da hannu.

To, jama'a, a wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen kuɗin duwan da canjin Naira da Sefa, mu leƙa madafa. Akwai wata dabara ta dafa irin wannan nama cikin ruwan shayi, a tukunyar nan mai murfi da ke kullewa, wadda ke huci tana fito. A wajenmu masu jin Faransanci suna ce mata kokot-minit. Mu dai a nan za mu kira ta tukunya mai fito.

Bari mu fara da dalilin taurin naman, don wanda ya san cuta shi ke sanin magani. A jikin dabba akwai farar jijiya da wata yana da ke lulluɓe tsoka. Yayin da dabba ke tsufa tana aiki, wannan jijiya sai ta riƙa ƙara ƙarfi. Saniyar Bororo da ta yi rayuwarta tana taka ƙasa daga Azawak zuwa kudu, ta koma, kowace shekara, ai ba za a haɗa namanta da na ɗan maraƙin da aka turke ana ba shi dusa ba. Ƙauri, da wuya, da ƙirji, da jela, nan ne jijiyar ta fi yawa. Amma kuma nan ne daɗin yake, domin idan jijiyar nan ta sha zafi da ruwa sosai sai ta narke, ta koma wannan romo mai danƙo da ke manne leɓe. Abin da take buƙata kawai zafi da lokaci.

Ga inda tukunyar ta shigo. A buɗaɗɗiyar tukunya, ruwa ba ya wuce digiri 100, ko da an ƙone kurmi guda a ƙarƙashinsa. Ƙarin wuta sai dai ya ƙara ƙone ruwan. Idan aka kulle tururin ya rasa hanyar fita, zafin ruwan kan hau har wajen digiri 120, kuma wannan ɗan ƙari shi ke mayar da dahuwar awa uku ta koma ƙasa da awa guda. 'Yan'uwanmu masu hawa tsaunukan Adamawa sun fi kowa shaida wannan. A Ngaundare, da ke sama da mita 1,000 daga bakin teku, ruwa kan tafasa tun bai kai digiri 100 ba, shi ya sa nama da wake ke daɗewa a wuta a can fiye da Maraɗi ko Damagaram.

Tukunyar ba sabon abu ba ce. Wani Bafaranshe, Denis Papin, shi ya ƙirƙiro ta farko a Landan cikin 1679, kuma don laushe ƙashi ya yi ta. Kamfanin SEB na Faransa ya fito da tasa ta gida a 1953, ita ce ta bazu a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulki. Yau kasuwanninmu cike suke da na Indiya da na Sin, masu sauƙin kuɗi. Tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011 gas ya ƙara samuwa a garuruwanmu, kuma da gas ɗin ne tukunyar ta fi nuna amfaninta, don kowa na ganin yadda kwalba ke daɗewa. Tana yi a kan gawayi ma, in dai wutar ba mai harshe ba ce da za ta lashe mariƙin roba.

Sai batun shayi. Za a ji wasu na cewa ganyen shayi ne ke sa nama laushi. Mu a ganinmu an ba shi yabon da ba nasa ba, aikin tukunya ne. Abin da ke sa shayi ɗaure baki dangin abin nan ne da ke cikin bagaruwa, wadda majema ke jiƙa fata da ita. Kowa kuwa ya san bagaruwa ba narkar da fata take yi ba. Aikin shayi a nan daban ne, kuma ba ƙarami ba: yana kashe ƙarni, yana rage gundurar kitse, yana ba romo wani launi ja mai duhu kamar an daɗe ana suya, ga ɗan ƙamshi da ba kowa zai gane daga ina ya fito ba. Naman tsohuwar dabba da ma ya fi ƙarfin wari, don haka abin ya dace da shi. Sinawa sun daɗe suna dafa ƙwai cikin ruwan shayi, mutanen Panjab na Indiya kuma suna jefa shi cikin dahuwar wani irin wake nasu don ya yi duhu. Ba girkin kakanninmu ba ne, amma wane zango ne babu ganyen shayi a cikinsa?

A nan fa sai a yi hattara da irin ganyen. Koren shayin Sin da muke dafawa a ƙaramar buta, mu yi na ɗaya da na biyu da na uku, ba shi ake nufi ba. Wannan sukari ne ke rufe ɗacinsa, in ya shiga miya ya lalata ta. Baƙin ganye ake so, irin na mai shayin bakin tasha, ko Lipton ne, ko na Kenya, ko na Ndu da Tole a Kamaru, ko na Mambila. Ga nama kilo guda, a tafasa ruwa rabin lita, a sauke, a zuba ganye babban cokali ɗaya, ko 'yan jakunkuna uku. A bar shi minti huɗu ko biyar, kada ya wuce haka, sannan a tace tas. Ganyen kansa ba ya shiga tukunya ko kaɗan. Ban da ɗaci, yana iya toshe ƙofar tururi, wannan kuwa ba abin wasa ba ne.

A yanka naman manya-manya, kamar rabin dunƙulen hannu. A sa ɗan mai ko kitsen naman a tukunyar, murfi a buɗe, a soya kaɗan-kaɗan har ya yi ja. Masu gaggawa kan tsallake wannan suya, su kuma ke cewa naman tukunya mai fito lami ne. A kwashe, a soya albasa manya biyu, in ta Galmi ce madalla, da tafarnuwa da citta da masoro, kanumfari ƙwaya uku, kimba ɗaya. A mayar da naman, a zuba ruwan shayin, a kankare abin da ya kama a gindin tukunya, a sa gishiri da ɗan tumatir. Dabino biyu ko uku da aka cire wa ƙwallo suna daidaita ɗan ɗaurin bakin shayin. Mai son daddawa ya sa, ba ta faɗa da shi. Kada ruwan ya shanye kan naman, tunda ba ƙonewa zai yi ba kamar a tukunyar ƙasa.

A kulle, a ba ta wuta har ta fara huci, sannan a rage wutar sosai, daga nan ake fara ƙirga. Wuya da ƙirji minti 40 zuwa 45. Ƙauri da jela su kusa awa guda. In saniyar ta tsufa ƙwarai a ƙara minti goma. Da an sauke a ƙyale ta kamar minti 15 ta huce da kanta. In aka saki tururin da ƙarfi, romon kan tafasa a fusace, naman ya bushe. Bayan an buɗe, a mayar da ita wuta babu murfi har romon ya yi kauri. Da shinkafa, ko burodi, ko tuwo, duk yana tafiya.

Wani abu kuma da ya rataya a wuyanmu mu fatake, ba a wuyan mai girki ba. Dabbar da ta kwana biyu tsaye cikin mota ba ci ba sha, aka yanka ta nan take, namanta kan yi duhu, ya bushe, ya kuma yi saurin lalacewa. Mahauta sun san wannan, shi ya sa suke karya farashi. Inda hali ya yi, a sauke ta, ta sha ruwa, ta kwana ta huta kafin yanka.

Muna kuma roƙon masu sayar da abinci a kara da tashoshi su daina jefa ƙwayar farasitamol cikin tukunyar nama wai don ya yi saurin nuna. Hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta sha yin gargaɗi a kan haka saboda illarsa ga hanta da ƙoda, kuma mu da yaranmu masu kora da masu lodi mu ne ke cin abincin nan kullum. Kuɗin tukunya guda bai kai na kwana biyu a asibiti ba.

Ita ma tukunyar tana da sharuɗɗanta. Ba a cika ta fiye da kashi biyu cikin uku, in wake ne ko wani abu mai kumfa, rabi. Kafin a ɗora a ɗaga murfin a leƙa ƙofar tururin ta wajen haske, a tabbata a buɗe take. Ba a ɗora dutse a kan murfi, ba a toshe ramin da tsinke, ba a kuma murɗa murfi da ƙarfi matuƙar da sauran huci a ciki. Wanda zai sayi ta hannu a Jibiya ko Ƙonni ya duba robar bakin murfin, in ta tsage ko ta bushe tukunyar ba za ta riƙe tururi ba, ya nemi sabuwar roba daidai girmanta tun bai bar kasuwar ba, ya ƙara da guda ta ajiya.

Masu niyyar yin guzuri da wannan nama su tuna ba kilishi ba ne, ba kuma soyayye ba ne. Nama mai romo ba ya jure zafin cikin mota. A ci shi ranar da aka dafa, abin da ya kwana kuma a sake tafasa shi sosai da asuba kafin a ɗora kaya.